Littafin da Babu Guga a Bayansa

Matata ta makance, ni kuma da ban san baƙi ko ɗaya na boko ba na shiga gari nema mata sabon littafi. Abin da ya faru ke nan. Na ga abubuwa da yawa a rayuwata, rijiya ma ta taɓa ruftawa da ni, amma in aka ce in zaɓi abu guda da ba zai fita daga raina ba har a kai ni kushewa, to wannan ne.

Ni mai haƙar rijiya ne. Tun ina saurayi nake shiga rami, daga Dala zuwa Gwammaja da wuya ka sami lungun da ban bar rijiya a cikinsa ba. Allo na yi daidai abin da zan yi salla, boko kuwa ko ƙofar aji ban taɓa takawa ba. Magana ba ta dame ni ba. A ƙasan rijiya babu wanda za ka yi hira da shi, daga kai sai diga sai numfashinka, in ka daɗe a haka sai bakinka ya saba da rufuwa ko da ka fito.

Ita kuwa 'yar unguwar Soron Ɗinki ce, ta yi boko har ta taɓa sakandare kafin a yi mana aure. Tun da ta tare na gane karatu ne abincinta. Ba ta karanta littattafan soyayya, ta ce kuka da gulma akwai su kyauta a kowane gidan biki. Nata su ne waɗanda ake kira littattafan yaƙi, masu jarumai da matsafa da aljanu, da biranen da aka gina a ƙarƙashin teku, da tsuntsun da inuwarsa ke rufe gari. Akwai wani shagon haya a Gwammaja, can 'yarmu take karɓo mata, ta karanta a mayar a karɓo wani. Ni dai abin da nake cewa kullum, ƙarya ce aka sa mata bango. Sai ta ce, "To Malam, ai ba a ce ka saya ba."

Shekarar da rijiya ta rufta da ni, mu biyu ne a ciki. Rairayi ya zubo mana. Ni aka ciro ni da karyayyen ƙugu, abokin aikina gawarsa aka ciro. Na yi watanni a kwance. Ƙugun bai dame ni ba kamar duhu. Ba a rufe mini ƙofa, in na runtse ido sai in ji ƙasa na cika mini baki. Ban faɗa wa kowa ba, amma ita ta gane. Kullum in an yi la'asar sai ta jawo kujera 'yar tsugunno kusa da tabarmata ta buɗe littafi tana karantawa a fili, wai don kanta. Ni kuma in juya fuska bango, wai ba na ji. Rannan ta kai inda aka rataye wani jarumi a bakin kogon wuta, sai ta rufe littafin ta ce za ta ɗora tuwo. Ban san lokacin da na ce, "Sai aka yi yaya?" ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da waɗannan ƙarairayin na tashi. Ban taɓa yi mata godiya ba, don ban san ta inda ake farawa ba.

Shekaru suka ja. Muka aurar da 'yarmu Haɗeja, gida ya rage daga ni sai ita. Sai ido ya fara ba ta matsala. Ta ɓoye mini har sai ranar da na ga ta miƙa hannu za ta ɗauki buta ta kama iska. Da muka je asibiti suka ce hawan jinin ido ne, an makara, abin da ya tafi ba ya dawowa. Kafin damina ta zagayo sauran ma ya tafi.

Da fari ta yi ƙarfin hali. Tana lalube ta yi shara, ta san inda komai yake. Daga baya sai ta zauna. Ta daina fitowa tsakar gida, ta daina tsokanata, abinci sai ta taɓa ta ture. 'Yarmu ta zo ta sa aka tura mata littattafan da ake karantawa a waya. Matata ta saurari farkon wannan ta ce a kashe, ta san ƙarshensa. Aka sa wancan ta ce shi ma ta sani, kuma mai karatun sauri yake kamar wanda ake kora, ga kiɗa a ƙarƙashi. Wata maƙwabciyarmu ta ce za ta riƙa shigowa tana karanta mata na takarda. Aka yi sau biyu matata ta ce ta gode. Daga baya ta gaya mini matar ba ta gama shafi sai ta tsaya ta ce "Allah sarki," ita kuwa ba ta son a karanta mata da tausayi.

Wata ranar Lahadi ina cin abinci ta ce, "Malam, na aika wa Yaya. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zai zo ya ɗauke ni."

Na ce, "Ya kai ki ina?"

"Soron Ɗinki. Can akwai mata da yawa, ba za a rasa mai miƙo mini ruwa ba. Kai ka tsufa, ba ka gama da ƙugunka ba ga kuma makauniya."

Na ce ban yi ƙorafi ba. Ta ce ta sani, ni ba na ƙorafi, ba na komai ma. Sannan ta ce, "Ni fa na gama. Babu wani sabon abu da ya rage mini a duniya. Zaman jira kawai nake, gara in yi shi a ɗakin da aka haife ni."

Wani namijin zai sami kalmomin da zai faɗa. Ni ban samu ba. Na gama cin abincina na wanke hannu. Amma na san abu guda, in ta shiga gidan nan na Soron Ɗinki aka ba ta lungu aka shimfiɗa mata tabarma, ba za ta daɗe ba. Na ga yadda mutum yake in ya saki igiya. Kuma maganarta ta tsaya mini a rai, wai babu sabon abu. Ni mutum ne mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Na ce a raina, to bari in nemo sabo.

Washegari na shiga kasuwa wajen 'yan littattafai. Ban tambayi kowa ba, don ina jin nauyin a gane ban iya karatu ba, alhali da ganin tafin hannuna an gama ganewa. Bango na riƙa dubawa. Na zaɓi mai takobi, na zaɓi mai maciji da kai bakwai, na zaɓi wani mai aljani da jajayen idanu wanda ya fi duka ban tsoro. Na kawo gida ina jin na yi abin kai. Maƙwabciyar nan na nan, ita ta karanta sunayen. Na farko, matata ta faɗi yadda ya ƙare tun kafin a buɗe shi. Na biyu ta ce kashi na uku ne, kuma ta karanta duka tun 'yarmu na goye. Na ukun kuwa maƙwabciya ta duba ta duba, ta toshe baki da mayafi. Ashe ba labari ba ne, littafin maganin aljanu ne, na su hayaƙi da tsarin gida. Dariya ta ci ƙarfinta har ta fita tsakar gida. Matata ba ta yi ba. Ta ce, "Ka daina wahalar da kanka, Malam."

Da maƙwabciyar za ta tafi ta tsaya a zaure ta ce, "Baba, ka je wajen mai haya na Gwammaja. In akwai wanda ya san abin da ta karanta a garin nan, shi ne."

Sai ranar Alhamis na je, don kwana biyu na yi ina yasar wata rijiya. Da hantsi na isa. Shagon na nan, amma babu littafi ko ɗaya a kanta, sai wayoyi jere ana caji, da na'urar tura fina-finai. Mai shagon sa'ana ne, ya san ni, ni na haƙa rijiyar gidansu.

Ya ce, "A'a, Sarkin rijiya! Yau kuma wace wayar za a sa wa caji? Ko ka fara kallon fim ne da tsufanka?"

Na ce, "Littafi nake nema."

"Kai?"

"Na iyali ne."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce ya ji labarin idon, Allah Ya sa kaffara ne. Ya ce bai taɓa ganin fuskarta ba, amma duk cikin masu haya babu wadda ta kai ta, har in sabon littafi ya zo ita yake fara aika wa, in ta ce ba shi da daɗi ba ya ƙaro wani. Na gaya masa abin da nake so, wanda ba ta taɓa karantawa ba. Ya shafa gemu. Ya ce haya ta mutu, waya ta kashe ta, littattafan suna buhu a ɗakin shirgi a gidansa, masu ƙosai sun sha zuwa saye ya kasa sayarwa. Ya ce shi kansa ba zai iya tuna wanda ta ɗauka da wanda ba ta ɗauka ba, amma ba sai ya tuna ba.

Ya rufe shagon muka shiga lungun bayansa. A ɗakin shirgin ya kwance buhu ɗaya ya zaro littafi, ya buɗe bangon baya ta ciki ya nuna mini. Wurin cike yake da 'yan zane-zane. Ya ce ai matan aure ba sa zuwa shago, aike suke yi, wanda aka aika kuma sau da yawa bai iya karanta suna ba, sai ya koma da wanda aka riga aka karanta a yi ta faɗa. Shi ne kowace ta ƙirƙiri alamarta. In ta gama littafi sai ta sa a nan, ɗan aike ya duba, in ya gani ya ajiye ya ɗauki wani. Ya riƙa nuna mini da yatsa, wannan tauraro na matar wani tela ne, wannan ɗigon jan farce uku na wata ce a Dala, wannan kifi, wannan tsani.

Ya ce, "Ka ga ba sai da boko ba. In ka ga tata, ta karanta. In ba ka gani ba, ka sami abin da ka zo nema."

Na ce, "Wacce ce tata?"

Ya ɗago ya dube ni. "Kai ba ka sani ba?"

Na ce ban sani ba.

Ya ɗora yatsa a can ƙasa, a kusurwa. Guga ne, ɗan ƙarami, da igiyarsa ta yi sama. An zana shi da biro, tsaf, har da ƙullin da ake yi a bakin igiyar, irin wanda nake yi.

Na daɗe ina kallonsa. Mai hayar ya ce zai koma shago, in na gama in ja ƙofar.

Na zauna a ƙasa na jawo buhun. In ɗauka, in juya baya, in buɗe, in ajiye. Guga. In ɗauki wani, guga. Ƙura ta cika mini hanci, kyankyasai suna fita ta ko'ina, wasu littattafan gara ta ci rabinsu amma kusurwar na nan da gugana. Waɗanda babu shi kuwa da na juya gabansu sai in ga fuskar mace da hawaye, na soyayya ke nan, in jefa gefe. Na gama buhu na kwance wani. Aka kira azahar na fita na yi na dawo.

A buhun da ke can ƙurya na fara ganin wani abu. Littattafan cikinsa ba su tsufa sosai ba, na ƙarshen haya ne. Gugan da ke jikinsu ya fara girma. Ya karkace. A wani igiyar ba ta haɗu da gugan ba, tana gefe ita kaɗai. A wani kuma an zana shi a kan tauraron matar tela, mai zanen ba ta ga akwai wani abu a wurin ba. A nan na gane tun yaushe idon ya fara tafiya, tana zaune kusa da ni tana zuba mini abinci ban sani ba. Na taɓa jin nauyin ƙasa a ƙirjina. Wannan ma ya yi kusa.

Har na fara nannaɗe buhun, na ce ta faɗi gaskiya, ta karance duniya. Sai na ji wani abu a gindinsa. 'Yan littattafai ne guda biyu sirara, an ɗaure su da zare, fes da su kamar ba a taɓa buɗewa ba. Na juya baya. Fari fat, babu guga, babu kifi, babu komai. Na juya gaba ina tsammanin fuskar mace. Babu. Babu takobi kuma. Wani abu ne kamar tankin ruwa yana shawagi a cikin taurari, a ƙasa ga mutane sun kifa wani abu kamar tukunya a ka, ɗaya yana riƙe da abin da ko a mafarki na gan shi na san diga ne.

Na kai wa mai haya. Ya karɓa ya yi dariya. Ya ce, "Kai, wannan! Ai na manta da shi. Wani malamin makaranta ne ya buga da kansa ya kawo mini. Ba na yaƙi ba ne, babu aljani ko ɗaya, na kimiyya ne. Mata suka ƙi shi, maza suka ƙi shi. Lokacin da ya zo kuma matarka ta daina aikowa."

Na ce me ke ciki. Ya ce shi ma farkon kawai ya duba. Wai wani zamani ne mai zuwa, ruwa ya ƙare a duniya, sai aka ƙera jirgi mai girman unguwa aka zuba mutane suka tafi wata duniyar neman ruwa.

Na ce, "Suka samu?"

Ya ce, "Ka ji ka! Kai da kake cewa ƙarya ce? 'Yarka ta sha ba ni labari." Ya ce kashi biyu ne kuma ga su duka, ba irin waɗanda marubuci ke barin mutum a rataye ya tafi sayar da atamfa ba. Na sa hannu a aljihu ya ce in na fito da wani abu mun ɓata. Har na juya ya ce, "To Sarkin rijiya, wa zai karanta mata?"

Wallahi sai a lokacin na tuna. Na wuni ina nema wa wadda ba ta gani littafi, ni kuma da ke gani ban san me ke ciki ba. Ya ce in ina so zai riƙa karantawa a waya yana turo mata. Na ce na gode, zan yi shawara. Na san ba za ta saurara ba.

A ƙafa na koma, ban hau adaidaita ba. Na bi ta gindin dutsen Dala a hankali saboda ƙugu. Abin da na riƙa tunawa shi ne kujerar nan 'yar tsugunno a gefen tabarmata. Lokacin ba labarin kaɗai ya tashe ni ba. Wadda ke zaune a kujerar ce.

An yi la'asar na shiga gida. Jakarta na bakin ƙofa, ta riga ta haɗa kaya. Tana zaune a bakin gado hannuwa a cinya. Na jawo kujerar na zauna, na sa mata littafin a hannu.

Ta shafa shi ta ce, "Malam, ba na ce ka bari ba?"

Na ce, "Wannan babu guga a bayansa."

Hannunta ya tsaya. Ta juyar da fuska gefe kamar amarya. Can ta ce, "Wa ya nuna maka?"

"Mai haya. Na duba buhunansa duka."

"Duka?"

"Duka. Kin iya ƙulli."

Ta buɗe littafin ta kai hanci ta shinshina, ta ce ko ba a faɗa ba sabo ne. Ta ce na mene ne. Na gaya mata abin da mai haya ya ce, da tankin da ke tashi, da masu tukunya a ka. Na ga ta ɗan gyara zama. Sai kuma ta rufe ta miƙo mini. "To ka kyauta. Wa zai karanta?"

Na ce, "Ni."

Rabon da in ji dariyarta tun kafin damina. Ta yi har tana tari. "Kai? Da wane bokon?"

Na ce, "Ni ina da ido, ke kina da boko. Rijiya ma mutum biyu ke haƙa ta, ɗaya a ciki ɗaya a baki. Ba ni hannunki."

Ta ba ni. Na buɗe shafin farko na dubi baƙin farko da kyau, na zana shi da yatsa a tafin hannunta. Ta janye ta ce yatsana kamar dutsen goge kaushi, in yi a hankali. Na sake. Na ce kamar jinka ne da sanda a tsakiya. Ta ce, "A ke nan. Wuce." Na gaba kamar maciji. Na bayansa kamar kujera. Wani na zana shi a juye ta ce babu wannan a boko sai dai a littafin maganin aljanuna. Ina zanawa tana faɗa, in sun taru ta haɗa su ta furta, ni kuma in maimaita. Gumi ya jiƙa mini riga kamar ina ƙasan rami. Kafin a kira magariba mun ciro layi ɗaya: a shekarar da ruwa ya ƙare a duniya, mutanen birnin suka taru a bakin rijiya ta ƙarshe.

Na rufe littafin na miƙe zan yi alwala.

Ta ce, "Sai aka yi yaya?"

Na ce, "Ina na sani? Sai gobe."

Ranar ta cinye tuwonta.

Juma'a bayan an sauko masallaci yayanta ya zo da adaidaita, ya bar ta a bakin lungu. Dattijo ne mai kirki, ba shi da laifi, kiransa aka yi. Ya yi sallama ya same mu a tsakar gida, hannunta a cikin nawa, ina zane tana yi mini faɗa. Ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Lafiya? Duba kuka koma yi?"

Ta ce, "Yaya, sannu da zuwa. Ka yi haƙuri na sa ka wahala. Mun fara wani aiki ne jiya, ba zan iya tafiya in bar shi ba."

"Wane aiki?"

"Karatu nake koya wa Malam."

Ya dube ni, ya dubi furfurata. Ya ce, "To yaushe za ku gama in dawo?"

Ta ce, "Yadda kansa yake da taurin nan, Yaya, kada ka sa rana."

Ya yi dariya ya zauna, aka kawo masa ruwa ya sha. Da zai fita na raka shi zaure, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kada ka yi saurin iyawa." Na ce ko na so ba zan iya ba. Jakar ta kwana biyu a bakin ƙofa, rana ta uku na dawo na tarar ta kwance kayan.

Littafin nan ya ɗauke mu daga ƙarshen damina har zafi ya shigo. Da fari layi ɗaya a wuni, daga baya biyu, daga baya na daina zane sai in baƙi ya rikice mini. Mun yi faɗa a kansa ba adadi. Da mutanen suka sauka a waccan duniyar suka fara haƙa, na ce marubucin nan bai taɓa shiga rami ba, ya za a yi mutum ya zura kai ƙasa bai fara zura fitila ya ga ko akwai iska ba? Ta ce ba ka ga tukunyar da ke kansu ba, iskarsu na ciki. Na ce to gefen ramin fa, da me suka tokare shi? Ta ce in karanta ko in ba ta wuri. Shafi biyu a gaba ramin ya rufta da su. Na ce ai na faɗa. Wannan wurin na karanta shi da ƙyar, ta ji a muryata, ta ce mu tsaya. Na ce a'a, mu ciro su tukuna. Sun sami ruwan a ƙarshe, amma ba inda suka zata ba. Ba zan faɗa ba, ko wani zai ci karo da littafin.

Ranar da muka gama ta ce in kawo biro. Na sa mata a hannu na buɗe bangon baya. Ta ce a'a, wanda ya karanta shi ke sa alama. Na zana guga. Ta ce in ba ta labarinsa, na ce ya karkace. Ta ce ba komai, nata ma na ƙarshe haka suke, ta sani. Sai ta dafa hannuna muka ja igiyar tare.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duhu ba ya kashe mutum, na zauna a cikinsa, ita ma tana ciki har yau. Abin da ke kashewa shi ne mutum ya tabbata babu abin da yake jira gobe. In naka ya kai nan, kuma ba ka iya magana ba, to ka nemo masa abin da bai san ƙarshensa ba, ka zauna kusa da shi.

Yanzu na daina shiga rami. Ina zaune a zaurena a Dala ina sayar da guga da igiya. Mai haya yana cigiya mana, in ya ji wani ya rubuta na taurari ko na aljanu sabo sai ya sa a buga mana a takarda, 'yarmu ma tana aikowa daga Haɗeja. Shafin farko nake karanta mata, in ta ce wuce mu ci gaba, in ta yi tsaki in mayar. Wannan ma da hannuna na rubuta, a hankali, ina karanta mata tana gyarawa. Tana ciki yanzu. An kusa la'asar, kuma jiya mun bar wasu mutane a cikin jirgi mai ya ƙare musu.